Yabon Bayan Ido

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, tare da fatan alheri mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara gaba ɗaya. Yaya aiki, yaya sanyin ƙasar taku, yaya kuma bayan nan naka da aka ce yana hana ka sunkuyawa? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ka riƙa bin maganar likita, don na san halinka, sai ciwo ya kwantar da kai kake yarda ba ka da lafiya. Mu nan duk lafiya lau, sai godiyar Allah. Maigidana yana nan yana fama da shagonsa, babbar 'yata ta fara koyon aikin jinya, ƙaramin kuma ya yi tsawon da idan ka gan shi a hanya ba za ka gane shi ba. Gwaggo an yi mata aikin ido an dace, yanzu da kanta take sa wa allura zare, tana kuma hango ƙurar da ake bari a ƙarƙashin gado, har jikokinta sun fara cewa da an bar ta yadda take.

Baba yana nan da ƙarfinsa daidai gwargwado. Hannun ne dai ya ƙara rawa, kofin shayi sai an zuba masa rabi, amma bakin nan bai tsufa ba ko kaɗan. A kansa ne ma na zauna rubuta maka wannan doguwar takarda, shi da Auta. Za ka ce me ya hana ni kiran waya kamar kullum. Na gwada, Yaya, sai in ji idan na fara ba zan kai ƙarshe ba, ko kuka ya ci ƙarfina, ko kai ka katse ni da dariyar nan taka ka ce ai Baba ne, haka yake. Na san ka ji Auta ya bar shago ya koma wani gari mai nisa da iyalinsa, ya kama aiki a kamfanin ƙera kujeru, har ka aika masa da barka. Haka kowa ya ɗauka, cewa ci gaba ya samu. Aikin ba laifi, amma ba aikin ne ya ɗauke shi ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ina so ka san abin da ya faru, domin da ɗan hannunka a ciki ba tare da ka sani ba.

Ka tuna yadda muka tashi. Baba bai taɓa duban ɗayanmu ya ce ka kyauta ba. Ranar da na ci jarrabawar shiga makarantar horon malamai na kawo masa takarda ina rawar jiki, ya juya ta gaba da baya, ya tambaye ni me ya sa na lanƙwashe mata kusurwa. Na shiga ɗaki na sha kukana. Da yamma Inna, Allah ya jiƙanta, ta zo ta zauna bakin gadona ta ce in share hawaye, wai tun da rana Babanmu ya sa takardar a aljihu yana yawo da ita, mai aski ya gani, mai gyaran agogo ya gani, har direban da ya kawo katako sai da aka sa shi ya kashe mota ya saurara. Haka abin yake tafiya a gidanmu. Baba ya yi yabo a bayan ido, Inna ta kwaso ta kawo wa mai shi, wani lokaci har da ɗan ƙarin gishiri. Ba mu taɓa lura aiki take yi ba, mun ɗauka hira ce kawai. Da ta rasu kowa ya san an rasa mai jinya da mai raba faɗa, amma babu wanda ya tuna an rasa mai kai wannan saƙon. Kai kana nesa, ni ina gidan mijina, sai aka bar Auta shi kaɗai da Baba a shago daga safe har yamma.

Shagon yana nan yadda ka bar shi, sai dai ya ƙara cika. Tsofaffin kujeru jere har bakin ƙofa an yaye musu yadi, soso a jingine har rufi, warin gam da garin katako ko'ina, baƙin keken ɗinkin nan yana kusurwarsa. Baba ya daina riƙe guduma tun da hannun ya fara rawa. Yana zaune a bakin ƙofa yana karɓar baƙi, Auta kuma yana ciki a durƙushe, ƙananan ƙusoshi a bakinsa, yana jan yadi yana bugawa. Duk wanda ya kawo aiki, kafin a gama ciniki sai ya ji labarinka. Injiniya kaza, Injiniya kaza. A bakin Baba, Yaya, kai kaɗai kake ba ƙasar nan taku ruwan sha, ranar da ka yi zazzaɓi kowa da ƙishi yake kwana. Kai ɗin da muka sani, wanda bai taɓa buga ƙusa ba tare da ya daki yatsa ba, an mai da kai wanda tun yana goye ake ganin basira a goshinsa. Ni idan na leƙa dariya abin yake ba ni. Auta ma da farko dariya yake yi. Amma shi idan Baba ya juyo kansa, abin da yake ji bai wuce ɗinki ya karkace ba, ko ya ɓarnatar da yadi, ko a zamaninsu da tuni an gama. Shekara da shekaru yana haɗiye wannan bai ce komai ba, ka san shi da zurfin ciki.

Abin da ya ƙure haƙurinsa bai taka kara ya karya ba a idon wani. Wata tsohuwa ce ta kawo kujerar marigayi mijinta, irin mai hannu da dogon baya, gara ta cinye ƙafa ɗaya, sifirin, wato ƙarfen da ke cikin mazaunin, ya ɓullo ta tsakiya. Ta ce ta kai wurare an ce mata ta sa a wuta ta huta. Auta ya karɓa. Ya yi kwanaki a kanta, ya sassaƙa sabuwar ƙafa da hannu har ba ka bambance ta da sauran, ya zaga kasuwa sai da ya samo yadi mai kama da na asali. Ranar da ta zo ɗauka ina shagon, na kawo wa Baba magani. Matar nan ta zauna, ta shafa hannun kujerar, sai hawaye. Ta dubi Baba ta ce Allah ya ba shi ɗa, irin wannan hannu ba a kowane gida ake samunsa ba. Na ga Auta ya sunkuyar da kai yana goge yatsu da tsumma, amma kunnensa yana wajen Baba. Baba ya gyara zama ya ce mata ai ba ta ga komai ba, da ta ga babban, wanda yake ƙasar waje. Ya ɗauko labarinka tun daga firamare. Auta ya rataye gudumarsa a inda take zama, ya wanke hannu a bokiti, ya ce zai je gida kansa na ciwo. Daga baya matarsa ta gaya mini a makon ne ya amsa wa mutanen kamfanin, waɗanda suka daɗe suna zawarcinsa yana ƙi saboda Baba.

Ana cikin shirin tafiyar ne Ummi ta kira ni, ranar da ta gama jarrabawa. Ka san Hausar 'yarka, rabi da rabi ce, inda ta maƙale sai ta cike da Turanci. Na gaya mata Baffanta zai tashi daga garin, ta yi salati, ta ce to yaya Kaka zai yi, shi da idan ya kira ku ba shi da magana sai ta Baffa. Na ce ƙararsa yake kawo muku ko? Ta ce a'a, ta lalubi kalmar Hausa ta rasa, sai ta ce Kaka kullum extol ɗin Baffa yake yi. Ni malamar lissafi ce, Turancina na allo da alli ne, ban taɓa jin kalmar ba. Na sa ta faɗo mini haruffan na rubuta a gefen wata takarda, kafin in ƙara tambaya ƙawayenta suka zo ta yi mini sallama.

Washegari a ofishin malamai na nuna wa malamar Turanci, wadda teburinta ke kusa da nawa. Mace ce mai son a tambaye ta, nan da nan ta ture kofin shayinta gefe ta gyara tabarau. Ta ce kalmar yabo ce, amma ba irin yabon da ake yi wa yaro don ya wanke kwano ba. Yabo ne mai nauyi, wanda ake ɗaga mutum sama, a jero kyawawan halayensa ɗaya bayan ɗaya har mai sauraro ya ji ina ma ya san shi. Ta ce ba kasafai ake jin ta a hirar titi ba, ta littafi ce da jawabin taro, har wajen ɗaukaka Ubangiji ana amfani da ita. Muka shiga neman mata 'yar'uwa a Hausa. Na ce zuga, ta ce a'a, zuga da mugun nufi a cikinta. Malamin tarihi daga can ya ce kirari, ta ce kirari a gaban mutum ake yinsa don kansa ya kumbura. Ta fi yarda da kambamawa. Sannan ta ƙara da cewa, a yadda ta fi ganin ana amfani da ita, ba mutumin ake fuskanta ba, wasu ake ba labarinsa, shi yana can wataƙila bai ma san ana yi ba. Nan take Baba ya faɗo mini a rai. Na ce mata ashe Turawa sun san Babanmu. Aka yi dariya, ni kuwa na shiga aji ina koyarwa ban san me nake faɗa ba.

Da aka tashi na kira Anti, kana wurin aiki. Ita ta warware mini komai. Ashe idan Auta ya tafi kasuwa sayen soso, Baba yakan shige ɗakin baya inda ake ajiye yadi, ya tura ƙofa, ya kira ku. Ta ce da ƙyar yake tambayar lafiyarku, sai ya shiga Auta kaza, Auta kaza. Wai ya tsufa a sana'ar nan bai ga mai ido irin nasa ba. Wai kujerar tsohuwar nan, da shi aka kawo wa, ko a ƙuruciyarsa da ya mayar da ita. Wai kowa ya tafi neman nasa, yaron nan kaɗai ya zauna, shi yake yanke masa farce, shi yake sa masa maɓallin riga idan hannun ya ƙi, kuma bai taɓa nuna masa ya gaji ba. Anti ta ce har kakan ajiye wayar a tebur ka ci abincinka Baba yana ta yi, kuma wani lokaci ranka yakan sosu, kana cewa kai ba a taɓa cewa ka yi abin kirki ba. Yaya, ka ji fa. Kai kana can kana jin haushin Auta, shi yana nan yana jin naka, Baba kuma yana tsakiya yana ganin ya sauke nauyin kowa. Ba zan ce laifinka ne ba, na san za ka ce ka ɗauka mun sani. Amma da sau ɗaya ka ce wa Auta ga abin da Baba ya faɗa a kansa, da ban zauna rubuta wannan ba.

Ban tsaya canza kaya ba na wuce gidan Auta. Na same shi a tsakar gida yana ɗaure kwalaye da igiya, yaran suna ta murna za su shiga babbar mota. Na ja shi gefe na zazzage masa duk abin da na ji. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi wani murmushi da ban so ba. Ya ce ya gode, ya san ni, tun muna yara ni ce mai ɗinke duk abin da ya yage a gidan nan, amma wannan ba irin wanda ake ɗinkewa da labari ba ne. Na rantse masa. Na ce bari in kira ka yanzu ka faɗa masa da bakinka. Ya riƙe mini hannu, ya haɗa ni da Allah kada in sa ka a ciki, wai idan ka kira shi yanzu zai san haɗa baki muka yi don tausayi, shi kuma ba sadakar yabo yake nema ba. Ya ce shi da Baba wuni suke yi tare, idan akwai maganar, bakin da ya iya kai ta wata ƙasa ai zai iya kai ta cikin shago. Na yi masa sallama na fito. Na bi maganarsa ban kira ka ba, kuma har yau ina tunanin ko da na saɓa masa ya fi.

Sai na koma kan Baba. Na same shi bayan la'asar, babu kowa a shago, na durƙusa gefen kujerarsa na gaya masa gaskiya, cewa ba albashi ne zai ɗauke Auta ba, kalma ɗaya yake nema daga bakinsa. Ya dube ni kamar na zo masa da wani yare. Ya ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Na ce masa ai Auta ya haura arba'in, yatsunsa kuma goma cif, sai dai farcen da guduma ta baƙanta. Bai yi dariya ba. Ya ba ni labarin wani da suka koyi aiki tare suna samari, wanda ya fi su hannu duka, maigidansu ya riƙa yabonsa a gaban jama'a har ya daina auna yadi kafin ya yanka, ƙarshensa ya bar sana'ar ba a ko tuna shi. Tun ranar, in ji shi, ya ɗauki alkawari ba zai kashe hannun ɗansa da bakinsa ba. Ya ce ya ba Auta mabuɗin shago, ya ba shi almakashinsa da ko kai bai yarda ka taɓa ba, to wace magana ce ta fi wannan. Na ce masa kunne ma yana da haƙƙinsa. Ya juya yana kallon titi, ya ce zai duba. Na tafi gida da ɗan sa rai.

Ranar tafiya da safe muka taru a ƙofar gidan Auta. An gama lodi, matarsa da yara sun shiga gaba, maƙwabta suna ta addu'a. Sai ga Baba ya taho da sandarsa, ya sa rigarsa mai kyau, wadda ba ya sawa sai da dalili. Na ce a raina yau za a yi ta. Ya zaga motar a hankali, ya ja igiyar nan, ya taɓa waccan. Auta ya zo ya durƙusa a gabansa. Wallahi, Yaya, na ga maganar ta taso masa, na ga leɓensa yana motsi. Ya ɗora hannu a kan Auta ya daɗe bai ɗauke ba. Da ya buɗe baki sai ya ce kayan sun yi yawa, Injiniya da zai tafi jaka ɗaya ya ɗauka. Sannan ya yi masa addu'ar sauka lafiya. Auta ya ce amin, ya miƙe, ya sa mabuɗin shagon a tafin hannun Baba, ya hau mota bai waiwayo ba.

Motar ba ta gama shan kwana ba Baba ya juya wajen mai gyaran agogo da ke tsaye kusa da shi. Ya nuna bayanta da sanda ya ce yaron can da ya tafi, duk garin nan babu mai hannunsa, kuma ba za a sake yi ba. Ya fara jero su, haƙurinsa, idonsa, amanarsa, hawaye yana bin gemunsa bai ko share ba. Mutane suka kewaye shi suna gyaɗa kai. Ni kuwa na tsaya ina kallon titi, ina jin kamar in ruga in tsayar da motar in ce ya dawo ya ji. Ban taɓa jin haushin Baba da tausayinsa a lokaci guda kamar ranar ba. Da na sani ƙeya ce, amma ni ban ma san wa ya fi cancanta da ita ba, shi ko mu.

Yanzu shagon rabin wuni yake buɗewa. Baba ba ya karɓar sabon aiki, wanda ya zo sai ya ba shi labarin Auta ya sallame shi. An sauke ka daga kujerarka, Yaya, sai haƙuri, yanzu ba a ambatonka sai an gama da shi. Ni nake zuwa kullum idan an tashi daga makaranta, in kai masa abinci, in ba shi magani, in yanke farcen. Ka san abin da nake samu. Shayin ya yi sanyi, ko ya cika zaƙi. Na makara. Na yanke farcen ya yi zurfi, Auta ba haka yake yi ba. Ina ji ina haɗiyewa, ina gaya wa kaina ai yanzu na san halinsa. Amma sani daban, ji daban. Akwai ranar da na fito daga wurinsa na zauna a matakalar shagon mai agogo na yi kuka kamar yarinya, da furfurata da komai, sai a ranar na gane abin da Auta ya ɗauka shi kaɗai duk shekarun nan.

Makon jiya Auta ya kira ni, na dawo gida ina duba littattafan yara. Tun da ya tafi gaisuwa kawai muke yi a gajarce. Wannan karon daban ne. Ya ce yanzu suka gama waya da Baba, karon farko da suka yi doguwar magana. Ya kira ne yana tsammanin ko nisa zai sa Baba ya ce masa wani abu. Bai ce ba. Ya tambaye shi ko a kamfanin suna auna yadi kafin su yanka, daga nan ya koma kaina, bai sauka ba har wayar ta yi zafi a kunnensa. Auta ya ce yana ji yana tuna yadda Baba yake yi mini a gabansa idan na kawo magani, ko sannu ba ya cewa. Sai ya tambaye ni, ashe haka yake yi a kansa shi ma. Na ce haka, har ya fi. Na ji ƙanenmu, uban yara, yana kuka a waya yana cewa ya yarda yanzu, ya yarda. Na tambaye shi ko zai dawo. Ya ce yara sun shiga makaranta, mutanen sun riƙe shi da mutunci, ba zai watsa musu ƙasa a ido ba. Kuma ko ya dawo, ranar da ya sa ƙafa a shagon ranar yabon zai koma kan wani. Wannan ce maganar da ta fi yi mini ciwo, don ban iya ƙaryata ta ba.

Kafin mu ajiye na yi abin da ban zaci zan yi ba. Na tambaye shi to me Baba ya ce a kaina. Na ji kunyar tambayar, amma na yi. Ya ce Baba ya ce ina tsallako gari kullum da ciwon gwiwa ban taɓa shigo masa da ɓacin fuska ba. Ya ce idan na juya baya ina wanke kofi, wani lokaci sai ya ɗauka Inna ce, har ya kusa kiran sunanta. Ya ce duk cikinmu ni ce bai taɓa jin tsoron abin da zan zama ba. Na sa Auta ya maimaita ta tsakiyar, ya maimaita. Ranar nan fa, Yaya, kafin in baro shagon, Baba ya ce mini ban iya wanke kofi ba, ina barin sabulu a gindi.

To ga abin da ya sa na rubuto. Baba ba zai canza ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na daina sa rai. Mu ne za mu raba aikin Inna a tsakaninmu. Naka na faɗa maka a sama, duk da na haɗa da tsokana. Ka cire tsokanar, sauran gaskiya ne, mutumin nan yana alfahari da kai har ya gunduri mutane. Kai ma ka zauna ka tuno duk abin da ya taɓa faɗa a kan Auta tun rasuwar Inna, babba da ƙarami, ka kira shi ka zuba masa, kada ka rage komai. Ba zai dawo da shi shago ba, wannan ya riga ya wuce mu, amma ajiyarsa ce da ta daɗe a hannunka. Shekarun Baba sun ja, ba na so sai ranar da muka zauna karɓar gaisuwa sannan mai aski da mai agogo su riƙa gaya mana abin da ya kamata mu ji tun yana raye.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce na gode da ba ta ɓoye mini komai ba. Ka gaishe da Ummi da ƙannenta, Allah ya yi musu albarka, ya ba su sa'ar karatu. Gwaggo tana gaishe ku, ta ce ka aiko da hoto yanzu da take gani. Maigidana da yara duk suna miƙa gaisuwa, mai agogo ma kullum sai ya tambaye ka. Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Sai roƙo ɗaya. Idan Baba ya kira ka ya faɗi wani abu a kaina, kada ka ajiye sai mun haɗu. Ka kira ni a ranar, ko ina cikin aji zan fito.

Ƙanwarka da ke yi maka addu'a kullum,
Malama